Yadda Ake Sauya wa Siginar Baya Mazauni a Babur Ɗin Kwaskwarima

Duk wanda ya shiga yi wa babur kwaskwarima, ba daɗe ba jima sai ya yi karo da siginar baya. Mai Harley-Davidson Sportster ko Honda Shadow ya sayo jakunkunan gefe, ya zo ɗaurawa, sai ya tarar sandar sigina na zaune daidai inda jakar za ta kwanta. Wani ya yanke madigadin baya ya gajarta shi don babur ya yi kyan gani, ramin da sigina ke zama ya tafi tare da guntun ƙarfen da aka yar. A wajenmu ma haka abin yake ga wanda ya sa wa Boxer ɗinsa kariya mai faɗi ko akwatin kai saƙo: kaya na hawa, sigina ta ɓace a ƙarƙashinsu.

Aikin ba shi da wuya, amma kurakurai iri ɗaya nake ta gani ana kawowa gyara. An matse siginar hagu da ta dama wuri guda don kwalliya. An murɗa waya da hannu an naɗe da baƙin tef. An bar waya tana lilo kusa da taya. An sa fitilar LED, ta ƙi ƙiftawa, an ɗora wa batir laifi. Abin da nake so mai koyo ya riƙe shi ne, sigina ta wanda ke bayanka ce. Kai da ke kan sirdi ba ka ganinta. Direban motar da ke biye da kai shi ne zai karanta ta, kuma cikin ƙiftawar ido zai yanke shawarar ya taka birki ko ya wuce ka ta gefen da kake shirin juyawa.

Kayan da za ka tanada

Sifanu daga lamba 8 zuwa 17, da makullan alan. Idan Harley ne, yawancin notinsa na inci ne, don haka nemi sifanun inci, kada ka cinye kan noti da na milimita.
Sukudireba, filaya, da abin fere waya.
Mita ta auna wuta, da kwan gwaji na volt 12 mai wayoyi biyu.
Wayar tagulla mai silli-silli, kaurin milimita 0.75, kala biyu ko uku.
Dalma da ƙarfen narka ta, ko bakin haɗi na matsewa da filayarsa.
Robar rufe haɗi wadda ke tsukewa in an gasa ta, mai gam a ciki in ka samu.
Zoben roba na rami, da igiyoyin roba na ɗaure waya.
Maƙallin sigina, ko falen ƙarfe mai kaurin milimita 3 in da kanka za ka ƙera.
Noti mai roba a ciki, washa, da shuɗin gam na zaren noti.
Tef ɗin awo, injin huda ƙarfe, da ɗan fenti.

1. Zaɓi wurin kafin ka ɗauki sifana

Nan ne aikin yake gyaruwa ko ya lalace, don haka kada ka yi gaggawa. Ɗaura jakunkunan ko akwatin tukuna, ka cika su da kaya kamar za ka yi tafiya, ka sa wani ya hau baya. Jaka babu komai a ciki tana kwanciya lif, amma in ta cika sai ta kumbura ta rufe abin da kake zaton yana fili. Sai ka liƙa siginar da tef a inda kake so, ka koma baya kamar taku goma sha biyar ka duba. Duba daga tsakiya, ka matsa hagu, ka matsa dama, ka tsuguna daidai tsayin idon mai ƙaramar mota, sannan ka hau wani abu ka duba kamar direban tirela.

Akwai ma'auni da masu ƙera babura ke bi, kuma ba a banza aka sa su ba. Ƙa'ida ta 53 ta Majalisar Ɗinkin Duniya, wadda ƙasashen Turai ke aiki da ita, ta ce tazarar da ke tsakanin gefen ciki na siginar hagu da na dama a baya kada ta gaza milimita 180. Tsayinsu daga ƙasa ya kasance tsakanin milimita 350 da 1,200, kuma kada su shige gaba fiye da milimita 300 daga ƙarshen babur. Launinsu ruwan lemo. A Amurka, ƙa'idar FMVSS 108 ta sa inci 9, wato kusan milimita 230, tsakanin tsakiyar wannan da tsakiyar waccan, kuma ta yarda da ja a baya. Shi ya sa za ka ga baburan da aka shigo da su daga can da jar sigina.

Dalilin tazarar shi ne, da dare, fitilu biyu da ke kusa da juna suna haɗewa a idon wanda ke nesa. Yana ganin wani abu na ƙiftawa, amma bai san hagu ba ne ko dama. In kuma siginar ta manne da fitilar birki, hasken birki ya fi ta ƙarfi, kuma lokacin da kake juyawa shi ne lokacin da kake taka birki. Shawarata ita ce ka wuce milimita 230, ka bar aƙalla faɗin tafin hannu tsakanin sigina da fitilar birki, kuma ka zaɓi ruwan lemo ko da babur ɗin da ja ya zo. Ja kusa da ja rikita mutum yake yi.

Wuraren da aka fi komawa uku ne: maƙallin allon lamba, ƙarshen ƙarfen da ke riƙe da madigadi, ko ƙarƙashin kariya ta can baya. Na allon lamba ya fi sauƙi kuma ya fi tsira daga jaka. Wasu suna sha'awar ɗaura ta a kan ƙarfen da ke riƙe da tayar baya, ƙasa-ƙasa kusa da akis. Ba na ba da wannan shawarar. Wurin ba ya cin moriyar shokozoba, duk ramin da taya ta faɗa sai siginar ta ji shi kai tsaye, ga laka, ga ƙasa da ya yi wa ido. Haka kuma ka lura da bakin salansa: hayaƙi mai zafi yana narka gilashin roba a hankali har ya dushe.

2. Gano wayoyi, sannan ka cire batir

Cire sirdi ka bi wayar sigina daga fitila har inda ta shiga babbar waya. Ɗauki hoto da wayar hannunka kafin ka zare komai. Kunna siginar hagu, ka ɗora ƙafa ɗaya ta kwan gwaji a kan ƙarfen babur, ɗaya a kan wayar da kake zato. In ya ƙifta, ita ce. Liƙa mata tef ka rubuta hagu. Kwan gwaji ya fi mita amfani a nan, domin wutar tana zuwa tana ɗaukewa, lambobin mita sai su yi ta tsalle.

Kala tana taimakawa. A Honda, ruwan lemo ce hagu, shuɗi mai haske dama, kore kuma at, wato hanyar komawar wuta, kuma yawancin baburan Sin sun bi wannan tsarin. A Yamaha, ruwan ƙasa mai duhu hagu, kore mai duhu dama, baƙi at. A Harley, shunayya hagu, ruwan ƙasa dama, baƙi at. Amma babur ɗin da ya bi hannu uku ko huɗu kafin ya iso gare ka, ba ka san abin da 'yan rewaya suka yi masa ba. Gwada, kada ka dogara da kala kaɗai.

In ka tarar da waya uku a sigina guda, tsaya. Wasu babura, kamar Sportster Nightster da ya fito a 2007 da Iron 883, siginar bayansu ita ce kuma fitilar baya da ta birki. Idan ka maye ta da sigina mai waya biyu, ka raba babur ɗin da fitilar birki ke nan ba ka sani ba.

Da ka gama alama, kashe makulli, ka cire kan batir na ragi tukuna, sannan na ƙari. Dalili: duk ƙarfen babur a haɗe yake da ragi. In ka fara da na ƙari sifana ta taɓa ƙarfe, tartsatsi zai tashi, sifanar ta yi zafi nan take, ga tankin mai a gefenka.

3. Kwance tsohuwar sigina

Kada ka yanke waya don kawai bakin haɗinta ya ƙi wucewa ta rami. Yawancin bakunan ana iya zare ƙarfen cikinsu da siririn tsinke, a zaro wayar, a mayar daga baya. In dole sai an yanke, yanke ta ɓangaren fitila, ka bar wa bakin haɗin jela mai tsawon yatsa biyu ko uku. Babbar wayar babur ba a taɓa ta.

A babura da yawa na irin Sportster, sandar sigina ita ce kuma boltin da ke riƙe madigadi da ƙarfensa. Mutum ya cire sigina ya bar ramin haka nan, madigadi ya rage ƙarfi, ya soma karkarwa, wata rana ya sauka kan taya. Mayar da bolti mai kauri da tsayi daidai. Zura hannu ta ciki ka ji: in tsininsa ya leƙo da yawa, zai karce gefen taya lokacin da shokozoba ya nutse.

4. Ɗaura maƙalli

Siginonin kasuwa yawancinsu zarensu milimita 8 ne ko 10, sai ka auna kafin ka huda. Huda a kan maƙalli ko madigadi. Ƙashin babur ba a huda shi, ba a kuma yi masa walda saboda sigina. In madigadi za ka huda yana jikin babur, sa guntun katako tsakaninsa da taya. Goge bakin ramin ya yi santsi, ka shafa fenti don tsatsa, ka bari ya bushe.

Gwangwani mai laushi ba ya yin maƙalli. Sigina tana zaune a ƙarshen sanda, girgizar inji tana kaɗa ta dubban sau a kowace tafiya, siririn ƙarfe sai ya tsage daidai bakin rami. Sa washar roba tsakanin sigina da maƙalli, ka ɗaure da noti mai roba ko ka ɗiga gam. Sigina mai jikin roba ba ta son a matse ta da ƙarfi. Da ta daina juyawa a hannu, ƙara kaɗan ka tsaya. Kafin ka gama ɗaurewa, tabbatar fuskarta na kallon baya sak. Fitilar LED musamman haskenta a tsuke yake, in ta kalli ƙasa ko sama kaɗan, rabin hasken ya tafi a banza. In akwai ɗan ramin fitar ruwa a jikinta, ya kalli ƙasa.

5. Ƙara tsawon waya

Mafi yawan siginar da ta mutu bayan an sauya mata wuri, fitilar lafiyarta ƙalau, haɗin waya ne ya ci amana. Murɗa waya da hannu a naɗe da tef yana aiki ranar da aka yi shi. Rana ta buga, gam ɗin tef ya saki, ruwan damina ya shiga, tagulla ta yi kore, sai sigina ta koma yi yau gobe ta ƙi.

Auna tsawon da igiya, kana bin ainihin hanyar da wayar za ta bi, ka ƙara kamar santimita 5. Yi amfani da waya mai silli-silli. Wayar gida mai ƙarfe guda ba ta jure lanƙwasa, girgiza za ta karya ta a cikin robarta inda ba ka gani. Kauri kuwa, kwan wat 21 yana jan kusan amfiya 1.75 a volt 12, na wat 10 bai kai amfiya 1 ba, don haka milimita 0.75 ta isa har da rara.

Zura robar rufewa a jikin wayar kafin ka haɗa. Fere kamar santimita ɗaya da rabi a kowane ɓangare ba tare da ka yanke sillin tagulla ba, ka saƙa su cikin juna a miƙe, ka gasa wayar da ƙarfen, ka bar dalma ta narke a kan tagullar ta shige ciki. Dalmar da aka ɗiga daga sama ta daskare kamar ƙwallo ba ta kama komai ba. Kada kuma ka cika ta, domin tana bin cikin waya ta sandarar da ita, kuma daidai inda taurin ya ƙare nan take karyewa. Saboda haka robar rufewa ta wuce haɗin da santimita ɗaya ko fiye ta kowane gefe. Bakin haɗi na matsewa shi ma yana da kyau, har kamfanoni shi suke amfani da shi, amma sai da filayarsa ta ainihi. Ja wayar da ɗan ƙarfi bayan ka matse. In ta zare a hannunka, gara yanzu.

Wayoyi biyu da ke tafiya tare kada haɗinsu ya zo wuri guda. Sa ɗaya gaba, ɗaya baya da santimita 3, ko roba ta huje ba za su taɓa juna ba. Kuma ka bar bakin haɗi mai zarewa a ƙarƙashin sirdi, don ranar da za a cire madigadi kada a sake yanka.

6. Bi da wayar hanya mai aminci

Ƙarƙashin madigadi wuri ne mai haɗari. Babur na tsaye ka ga fili tsakanin taya da madigadi, amma in an ɗauki mutum biyu aka faɗa rami, filin nan rufewa yake yi. Bi da wayar ta lungun gefe inda kamfani ya sa 'yan maƙalai, cikin bututun roba, ka ɗaure duk bayan santimita 10 zuwa 15. Duk ramin ƙarfen da za ta ratsa, sa masa zoben roba. Bakin ƙarfe yana cin robar waya sannu a hankali, ranar da ya kai tagulla fiyus ya ƙone, kuma a babura da yawa fiyus ɗin sigina shi ne na hon da fitilar birki. Nisanta ta da sarƙa ko bel, da sifirin ɗin shokozoba, da salansa, da inda ƙarfen sirdi ke dannawa.

7. At

Wasu tsofaffin siginoni waya ɗaya gare su, suna samun at ta jikin boltinsu. Ka mayar da irin wannan kan maƙalli mai fenti da washar roba, hanyar komawar wuta ta yanke. Alamar at mara kyau ita ce haske ya dushe, ko ka kunna sigina fitilar baya ta riƙa ƙiftawa tare da ita, domin wutar tana neman hanya ta cikin wani kwan. Ja wa kowace sigina wayar at tata har zuwa at ɗin babbar waya. In a jikin ƙarfe za ka ɗaura, kankare fenti sai ƙarfe ya fito fes, ka ɗaure, ka shafa ɗan giris a kai.

8. In ka koma LED

Mutane da yawa suna haɗa sauyin wuri da sauyin fitila, sai su sha mamaki. Falasha, wato ɗan akwatin da ke sa sigina ƙiftawa, an yi ta ne daidai nauyin kwan da babur ya zo da shi. Tsohuwar irin tana da siririn ƙarfe da wuta ke gasawa ya lanƙwashe ya yanke, ya huce ya dawo. LED wat 1 zuwa 3 kawai take ci, ba ta isa gasa shi ba, sai fitila ta kama ta tsaya cak. Wata irin falashar kuma in ta ji nauyi ya ragu sai ta ɗauka kwai ya ƙone, ta ninka gudu don ta sanar da kai. Ƙa'ida ita ce ƙiftawa 60 zuwa 120 a minti ɗaya.

Magani mafi tsafta shi ne ka sayi falashar da aka yi don LED, mai ƙafafu daidai da taka, biyu ko uku. Hanya ta biyu ita ce rizista, a haɗa ta tsakanin wayar sigina da at, ɗaya ga kowace fitilar da aka sauya: mai ohm 6 wat 50 a madadin kwan wat 21, mai kusan ohm 15 a madadin na wat 10. Tana aiki, amma tana cinye wutar da LED ta rage maka, kuma tana zafi sosai. A jikin ƙarfe ake ɗaura ta, nesa da roba, da waya, da tiyon mai. Ni falasha nake zaɓa duk lokacin da babur ya ba da dama.

Akwai wata matsala da ke rikita masu koyo. In kwan shaida ɗaya ne a kan mitar babur na hagu da dama, yana haɗe ne tsakanin layukan biyu. 'Yar wutar da ke ratsa shi ba ta isa kunna kwai na da ba, amma ta isa kunna LED, sai ka kunna hagu dukkan huɗun su kama. Ana gyara shi da dayod biyu irin 1N4007, ɗaya daga kowane layi zuwa ƙafa ɗaya ta kwan shaidar, ɗaya ƙafar a kai ta at. LED kuma tana da gaba da baya; in ta ƙi kamawa sam, juya wayoyinta biyu kafin ka ce ta lalace.

Sababbin manyan babura ba su da falashar da za ka zare. Kwamfutar babur ce ke kula da fitilu, kamar Sportster daga 2014, da BMW na zamani. Irin waɗannan, nemi fitilar da aka yi dominsu kuma ka duba littafin babur ɗin. Gwaje-gwajen waya a kansu yana iya jawo asarar da ta ninka kuɗin siginar sau da yawa.

9. Gwaji

Mayar da batir, na ƙari tukuna, sannan na ragi. Cikakken batir yana nuna kusan volt 12.6, in ya yi ƙasa sosai, falasha za ta yi maka ƙarya, don haka gwada inji a kashe, ka sake gwadawa yana aiki. Kunna hagu, ka je da ƙafarka ka ga ta gaba da ta baya duk na hagu ne. Siginar da aka juya ta fi wadda ta mutu haɗari, domin kiran mota take yi zuwa gefen da za ka shiga. Kunna fitilar gaba, taka birki, danna hon, duk sigina na aiki. In ƙiftawarta ta canja, koma kan at. Girgiza wayoyin da hannu kana kallon hasken.

Sannan ku hau ku biyu ku danna bayan babur da ƙarfi, wani ya leƙa ƙarƙashin madigadi. Fitar da shi cikin rana tsaka ka sake dubawa daga nesa, domin 'yan ƙananan siginoni masu baƙin gilashi suna da kyau a cikin gareji, a rana kuwa da ƙyar ake ganinsu. In taka haka take, cire ta ka sa wadda ake gani, ko da ba ta kai waccan kyau ba.

Bayan tafiyar kilomita 50 zuwa 100, cire sirdi ka sake bin wayar da ido da yatsa, ka nemi inda roba ta soma gogewa, ka ƙara ɗaure notin. Daga nan kuma, duk ranar da ka canja jaka, ko ka ɗora kayan da suka fi na kullum faɗi, ka kunna sigina ka zagaya baya ka duba kafin ka hau.